Abin da Ɗaya-biyu Ya Ji

Yayana mai haɗa sauti ne a babban ɗakin taro na wani otal. In ka taɓa zuwa irin taron nan da manya suke hawa dandamali da kwat, ana haska musu hotuna a bango, to da ka waiga can bayan kujerun ƙarshe da ka ga wani tebur cike da maɓallai da ƙananan fitilu, da mutum a zaune cikin baƙar riga, kunnuwansa a rufe da hedifon. Amma ba wanda yake waigawa sai in lasifika ta yi ƙara. Shekara da shekaru Yaya ne a kan teburin nan, kuma a hannunsa lasifika ba ta ƙara, saboda haka ba wanda ya san fuskarsa.

Ɗaya-biyu ake ce masa. Yaran layinmu ne suka laƙaba masa tun lokacin da yake gyaran tsofaffin lasifikoki a ƙofar gida, yana ta "gwaji, gwaji, ɗaya, biyu" har maƙwabta su leƙo su ce sun ji, ya isa. Sunan ya bi shi har otal. Matarsa ma in ya ba ta haushi da shi take kiransa.

Ni ƙanwarsa ce, kuma mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, takan ce ni na kwashe rabon maganarsa tun muna yara. Gaskiyarta ne. In na je gidansa na fara zuba, ba ya cewa in yi shiru. Sai ya ɗora yatsa a kan tebur ya ja shi ƙasa a hankali, kamar yana rage muryar wani a na'urarsa. Wannan abu yana ƙona min rai, shi kuwa ko a jikinsa. Mutum ne da ba zai iya ganin wayar caji a cukurkuɗe ya wuce ba. Ya zo gaishe ki kina jinya, kafin ya ce ya jiki ya naɗe miki wayar fanka, ya gyara muryar talabijin. 'Yata ce kaɗai ba ya rage wa murya. Rediyo yake kiranta, don tun da ta iya magana ba ta rufe tasha ba, kuma zai zauna ya saurare ta har ƙarshe kamar tana karanta labarai.

Ga yadda aikin yake, don sai an gane shi za a gane abin da ya same shi. Duk wanda zai yi jawabi, Yaya zai maƙala masa wani ɗan ƙaramin makirfo a wuyan riga, ya sa masa akwatin batirinsa a aljihu ko a ƙugu. Daga nan mutumin zai koma ɗakin jira a bayan dandamali. Kafin a kira shi, Yaya yakan danna wani maɓalli ya saurari makirfon nan shi kaɗai a kunnensa, ɗaki ba ya ji, don ya tabbata batir lafiya kuma riga ba ta gogar makirfon. Su kuwa manyan nan, da an maƙala musu sun manta. Da shi a ƙirji suke shiga banɗaki, da shi suke kiran matansu, da shi suke zagin waɗanda suka gayyato su.

Don haka masu wannan sana'a suna da doka, ba a rubuce take ba, kuma ba kowa yake riƙe ta ba. Ka saurara kaɗan, ka rufe. Abin da ya riga ya shiga kunnenka kuwa, a nan ya mutu. Yaya ya riƙe dokar nan har ta zama ita ce shi. Kamfanoni sukan ce wa otal shi suke so, ba wani ba, kuma ba don ya fi kowa iya maɓalli ba ne. Sun san ko wuƙa aka sa masa ba zai maimaita ba.

Na gwada shi, Allah ya sani. Na yi lallashi, na yi fushi, na yi masa girki na musamman.

"Yaya, ko guda ɗaya. Ba sai ka faɗi suna ba."

"Kunnen ba nawa ba ne a wurin," in ji shi. "Hayarsa aka yi."

"To ai an tashi daga aiki, an dawo maka da abinka."

Sai ya ja yatsa a kan tebur.

Abin da yake yarda a yi hira a kai shi ne wanda aka faɗa a kan dandamali, tunda wannan kowa ya ji. A 'yan shekarun nan kamfanonin manhaja ne suka mamaye ɗakin, kusan kullum da taronsu. Matarsa, wadda nake kira Anti, ta je masa da abinci sau da yawa har ta haddace maganarsu. Sai ta tsaya a tsakiyar falo, ta riƙe ludayi a bakinta, ta dafa ƙirji.

"Tsaron bayananku shi ne gaba da komai a wurinmu," za ta ce, tana kallon silin. "Ba ma barci saboda ku."

"In an yi musu kutse fa, Anti?"

"Wasu 'yan tsiraru ne abin ya shafa. Kuma masu kutsen ƙwararru ne na gasken gaske."

"In an tambaye su ko an kwashi wani abu?"

"Ba mu ga wata shaida ba."

Mu yi ta dariya har da hawaye. Ni ra'ayina a kansu a fili yake: maƙaryata ne masu turare. Kowannensu tsaro ne gaba da komai a wurinsa, har ka rasa abin da yake baya. Yaya yakan yi murmushi, amma ba ya shiga. Wata rana da na cika zaginsu ya ce min, "Kin san a ƙirji makirfon yake? Da an tambaye su maganar tsaro nake jin bugun zuciya." Wannan kaɗai ya taɓa faɗa min, kuma bai ce na wane ba. Ya ce yawancinsu ba su ne suka rubuta maganar ba, ba su ake yi su haddace, kuma mutum ba ya jin daɗin faɗar abin da aka auna masa da cokali a gaban jama'a. Na ce tausayinsa ya yi yawa. Ya ce wataƙila.

Yanzu sai in kawo tawa matsalar, ko da ba na son ɓata bakina a kai. Ni da uban Rediyo mun rabu, kuma ba rabuwar arziki ba. Alƙali ya ba ni riƙon yarinya, shi kuwa ya rantse a gaban mutane sai ya ɗauke ta, ko a ƙofar makaranta ne. Ba barazanar baki ba ce, don an taɓa ganinsa a mota yana jira a tsohuwar makarantarta, Allah ya sa mai gadi ya san fuskarsa. Na tattara na koma wata unguwa can nesa, na canza mata makaranta, na samu aiki a wani shagon gilashin ido. Daga Yaya sai Anti suka san ƙofata.

Sabuwar makarantar tana amfani da wata manhaja ta waya. A ciki ake ganin sakamakon yaro da saƙon malamai, a ciki kuma aka sa adireshin gida, da lokacin tashi, da hotunan mutanen da aka yarda su zo ɗaukar yaro. Hoton Yaya yana ciki, ni na ɗauke shi, ya haɗe rai kamar za a yi masa allura. Makarantu da yawa suna amfani da ita, har da wadda manyan 'ya'yan tsohon mijina suke. Na san da haka. Na tambayi shugabar makaranta, ta ce kowane uba shafin ɗansa kawai yake gani, ta nuna min takardar kamfanin inda suka rubuta cewa tsaron yara shi ne gaba da komai. Na yi tsaki, amma na cike, don ba yadda zan yi.

Abin da ya faru ranar taron, gutsi-gutsi na tsinto shi daga baya, wani daga bakinsa, wani daga Anti.

Taron kamfanonin da suke yi wa makarantu manhaja ne, da hantsi, ɗaki ya cika. Cikin masu jawabi akwai shugabar kamfanin manhajar tamu, wata mata mai matsakaicin shekaru, mai fara'a. Yaya ya ce tana cikin 'yan kaɗan da suke cewa sannu da aiki in ana maƙala musu makirfo. Ya maƙala mata, ta wuce ɗakin jira, ya koma teburinsa ya danna ya saurara. Sai ya ji wani ƙas-ƙas. Sarƙar wuyanta ce take taɓa makirfon in ta motsa. Irin wannan ƙarar ba ta fitowa sai mutum ya juya, saboda haka ya bar layin a buɗe yana jira ta sake motsawa, ya ji ko sai ya je ya gyara. Duk mai wannan aiki haka zai yi.

Yana jira sai ya ji an buɗe ƙofa, muryar wani dattijo ta shigo, babban injiniyan kamfanin.

"Ranki ya daɗe, mun tabbatar."

A nan ya kamata ya rufe. Ya ce min yatsansa yana kan maɓallin. Sai dattijon ya ambaci shafin iyaye, shi kuwa bai danna ba.

"Duk mai shafin iyaye, in ya san dabarar, zai iya buɗe na kowane yaro a kowace makaranta. Adireshi, hoto, lokacin tashi, komai. Kuma dabarar ba wuya gare ta ba."

"Tun yaushe?" in ji shugabar.

"Tun gyaran da muka yi farkon zango."

"An toshe?"

"Muna kai. Ba yau ba dai."

"Wani ya shiga?"

"Ba mu sani ba. Ba ma ajiye tarihin wannan ɓangaren."

Sai wata murya ta uku, ta lauyansu, mai sanyi da natsuwa. Ya ce in an tambaye ta a kan dandamali, ta ce ba su ga wata shaida ba, kada ta ƙara, kada ta rage. Ya ce in ta faɗa yanzu alhali ƙofar tana buɗe, ta nuna wa duk wani mugu hanya ke nan, gara a toshe tukuna a yi sanarwa.

Na so ƙwarai in ce maganar banza ce. Na juya ta a raina ya fi a ƙirga, kuma abin haushin shi ne akwai gaskiya a ciki. Akwai kuma kare kai a ciki, wannan ba sai an faɗa ba.

Can shugabar ta ce, "Yara ne fa a ciki." Sai ga mai gabatarwa yana kiranta.

Ta hau, aka yi tafi. Yaya ya tura maɓallin muryarta sama. Sarƙar ta yi ƙas sau ɗaya, ya rage wani abu a na'urar ta daina fitowa. Ta yi jawabinta a kan makomar karatu, ta ba da dariya inda aka shirya a yi dariya. Da aka zo tambayoyi, wata malama ta miƙe ta ce iyaye suna damuwa da bayanan 'ya'yansu, wane tabbaci za ta ba su. Shugabar ta ɗauki kofi ta kurɓi ruwa. Ta ce tsaron yara shi ne gaba da komai a wurinsu. Ta ce suna duba manhajarsu dare da rana, kuma ba su ga wata shaida ba cewa bayanan wani yaro sun faɗa hannun da bai dace ba.

Muryarta ta yi ƙasa a wurin, bakinta ya bushe. Yaya ya ƙara mata kaɗan don na baya su ji. Da ya zo nan a labarin na kasa haƙuri.

"Ka ƙara mata? Da hannunka?"

"Aikina ke nan."

"Da ni ce da na saki abin da na ji a lasifika kowa ya sha."

"Na sani," in ji shi. "Shi ya sa ba ke ba ce."

Da ta sauko ya bi ta ɗakin jira ya karɓi makirfonsa, kamar yadda yake yi wa kowa. Lauyan yana waje yana waya. Yaya ya cire akwatin, ya kashe shi, ya naɗe 'yar wayar a yatsunsa, sannan ya tsaya. Mutumin da sai ya yini bai yi jimla goma ba.

"Ranki ya daɗe, ina da magana. Na ji abin da aka faɗa miki a nan kafin ki hau. Layinki yana buɗe a kunnena. Da farko sarƙarki nake saurare, daga baya kuwa da gangan na bari."

Ya ce fuskarta ba ta nuna fushi ba, gajiya ce kawai ta sauko mata. Ta nemi kujera ta zauna.

"Me kake so, Malam?"

"Ba na son komai. 'Yar ƙanwata tana cikin manhajar, kuma akwai wanda yake neman inda take. Zan faɗa wa uwarta yau. Ita kaɗai. Na ga bai dace in yi ba ki sani ba."

"Ka san kamfanina ya sa hannu da otal ɗin nan a kan sirri?"

"Na sani."

"Shekararta nawa?"

Ya faɗa mata. Ta rufe ido da tafin hannu, ta daɗe a haka.

"Ba zan iya ce maka ka faɗa ba," in ji ta.

"Ban ce ki ce ba, ranki ya daɗe."

"Ka ce mata kada ta tsaya jiran mu."

Ina shago ina gyara wa wani tsoho hannun gilashinsa na ga Yaya a bakin ƙofa, da baƙar rigar aiki, da rana tsaka. Bai taɓa zuwa shagon ba, kuma bai taɓa barin taro ba a gama ba. Gabana ya faɗi, na ɗauka mutuwa aka yi. Ya jira na sallami tsohon, ya ja ni gefe wajen madubin gwaji.

"Ɗauko jakarki. Za mu je mu ɗauki Rediyo yanzu. Ku koma gidana."

"Lafiya? Me ya faru?"

"Ki dai zo."

Ni kuwa ba a ce min ki dai zo. Na kafe, na ce ba inda za ni sai na ji dalili, muryata ta fara tashi har mai shago ya leƙo. Yaya ya dubi ƙasa. Sannan ya faɗa min, a taƙaice, da murya ƙasa-ƙasa: manhajar a buɗe take, uban yarinya zai iya ganin ƙofata in ya nema.

"A ina ka ji?"

Na dubi rigarsa, na dubi sawun hedifon da ya kwanta a gashinsa, sai na gane. Shekaru ina roƙonsa guda ɗaya, yau ga shi ya ba ni, kuma ban taɓa jin abin da ya yi min ɗaci kamarsa ba. Kunya ta kama ni, ga tsoro, ga tausayinsa. Na ɗauki jakata muka fita.

Muka ɗauko Rediyo ana tsakiyar darasi. Ita murna take yi, tana ba kawunta labarin wata yarinya da ta haɗiye maɓallin riga. Washegari na je makaranta na ce a cire adireshina da hotunanmu daga manhajar. Shugabar makaranta ta tambayi dalili, na ce ra'ayina ne. Tun a hanyarmu ta ɗauko ta Yaya ya roƙe ni abu ɗaya, kada in kai maganar zauren iyaye na waya, kada in faɗa wa kowa. Ya ce ya gaya wa shugabar kamfanin ni kaɗai zai faɗa wa, kuma in maganar ta bazu ƙofa tana buɗe, ba a san hannun da za ta faɗa ba. Na yi alkawari, na kuma cika, ko da yake bakina har ƙaiƙayi yake yi. Muka zauna a ɗakin baƙinsu, ni da 'yata a katifa ɗaya, har na samu wani gidan.

Bayan wasu makonni kamfanin ya aiko wa iyaye saƙo. Sun gano wata 'yar matsala, sun toshe ta nan take, wasu 'yan tsiraru ne abin zai iya shafa, ba su ga wata shaida ba, tsaron yara shi ne gaba da komai. Anti ta karanta mana a falo. Ba ta ɗauki ludayi ba, ba kuma wanda ya yi dariya.

Har yau ban sani ba ko tsohon mijina ya taɓa buɗe shafin. Ba wanda ya zo tsohon gidan neman mu, ko kuma an zo maƙwabta ba su lura ba. Mai yiwuwa ne duk abin nan da Yaya ya yi, ya yi shi ne a kan abin da ba zai faru ba.

Shugabar kamfanin ba ta kai ƙararsa ba. Ba wanda ya sani, daga ita sai mu. Da ya ja bakinsa ya yi shiru, da yanzu yana kan teburinsa. Amma ranar da saƙon kamfanin ya fito, da safe ya sa rigarsa ya shiga ofishin manajan otal ya faɗa masa komai.

Manajan mutumin kirki ne, sun daɗe tare. Ya tashi ya rufe ƙofa.

"Ɗaya-biyu, wa ya sani?"

"Ni."

"To ka bar shi a nan. Ban ji ba, ba ka faɗa ba. Koma bakin aikinka."

"Yallaɓai, in kamfani ya ce ni yake so, me yake saya? In ka tura ni a kan tsohon sunana, mun sayar musu da abin da babu."

Manaja ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya ce masa taurin kai zai kashe shi. Amma magana ta riga ta shiga kunnensa, shi ma yana da na sama da shi, yana da takardun da ya sa wa hannu. Bai kore shi ba. Ya ɗauke shi daga babban ɗaki ya mayar da shi ƙaramin zaure na ƙasa, inda ake bukukuwan aure da taron tsofaffin ɗalibai. Can ba ɗan makirfon wuya, sai na hannu mai waya, wanda kowa yake bubbugawa yana hura masa iska. Shi yake jan manyan lasifikoki da kansa, mutumin da gwiwarsa ta fara ciwo.

Da na ji, zuciya ta ɗebe ni. Na same shi a tsakar gidansa da yamma, ya baje wayoyi a tabarma yana gogewa da tsumma. Na wanke shi tas. Na ce masa wauta ce, na ce tsarkin nasa ya yi yawa, na ce waɗanda suka bar ƙofa a buɗe suna nan suna hawa dandamali ana yi musu tafi, shi da ya ceci yarinya shi ne yake ɗaukar kaya. Na ce ita kanta matar ta rufa masa asiri, shi ya tona wa kansa. Ina yi ina kuka, don na san saboda ni ne. Ya bar ni na zazzage duka, bai ko ɗaga kai ba.

Da na gaji na zauna a bakin tabarmar.

"Yaya, ka yi nadamar faɗa min ne?"

"A'a. Ko gobe aka sake zan faɗa miki."

"To mene ne? Me kake hukunta kanka a kai?"

Ya ci gaba da goge wayar da take hannunsa har ya kai ƙarshenta. Daga cikin ɗaki ana jin Rediyo tana koya wa Anti wata waƙar makaranta.

"Ranar nan, da malamar ta yi tambaya," in ji shi, "ɗakin cike yake da malamai da iyaye. Ina ganin ƙeyarsu daga inda nake. Na san a cikin makarantun nan akwai wata kamarki, wadda ta gudu da ɗanta ta ɓoye. Ba ɗaya ba ma. Na ƙara murya don su ji da kyau cewa ba komai. Sannan na fito na faɗa wa tawa."

"Ai ba yadda za ka yi. Kai ka ce in ta bazu..."

"Na sani. Na faɗa wa kaina haka, kuma gaskiya ne. Ita ma shugabar haka aka faɗa mata, kuma gaskiya ne." Ya ajiye tsumman. "Ke kina da yaya a bayan na'ura. Su fa?"

Makonnin nan duka ina zauren iyaye, ina ganin sunayensu suna tambayar aikin gida da ranar hutu, ina da labarin a cikina, kuma ko sau ɗaya ban tsaya na yi tunanin wace ce a cikinsu take kwana da irin tsorona ba.

Ya miƙo min kan wata doguwar waya ya ce in riƙe. Na riƙe, ya ja ɗaya kan ya fara gogewa.